Matatar Jar Mota

Da hantsi ta shigo garejina na Wadata,
ja, gajera, cikinta na shafar ƙasa,
kujera biyu tak, kamar ba ta da dangi.
Lokotoro Zalika ta fito, ta miƙo lakile:
"Shibkau, motar nan ta koyi gardama.
Jiya a hanyar Dosso na so wuce kamiyo,
na taka, ta yi tsaki, ta noƙe,
sai da na karanto duk addu'ar da ta zo bakina."

Ban buɗe kapo ba tukuna.
Na murɗa lakile rabi, na kasa kunne baya.
Pompo na kuka can ƙarƙashi,
siririn kuka, irin na sauro a kunnen mai barci.
Na ce: da safe fa?
Ta ce sai ta roƙe ta sau uku kafin ta tashi.

Ba buji ba ne, ranki ya daɗe.
Ƙishi take ji, alhali tanki cike.

Littafinta ya ce kilomita dubu sittin.
Wanda ya rubuta shi bai taɓa tsayawa
bakin titi da dare ba,
inda yaro ke juye esansi daga kwalba
ta mazurari da tsumman tsohuwar riga.
Bai san bidon da ya kwana buɗe da damina ba,
bai san tsatsar gindin tanki ba.
A nan raba lissafinsa biyu.
In kuma ta fara tari a hawa,
in ta mutu a danja tana tsaye,
manta da lissafin, ranar ta zo.

Na sa Nomau, aprantina, ya sauke matsin mai,
ya ajiye tasa, ya kashe tabar maƙwabci.
Muka kwance ta, ƴar gwangwani,
ko kai ƙwallon mangwaro ba ta yi ba.
Na busa ta baki ɗaya.
Kumatuna suka cika, iska ta ƙi fita.
Na sa zarto na raba ta gaban mai ita:
takardar ciki, da aka haifa rawaya,
ta koma baƙa kamar gindin tukunya,
ga laka, ga yashi, ga jan gari na tsatsa.

Duk wannan, na ce, hanyar injin ya nufa.
Ita ta tare, shekara huɗu, ba wanda ya gode mata.
Jika goma sha biyu yau.
Ki bar ta wata uku, pompo ya ƙone,
sannan mu yi maganar kuɗin rago uku,
mu jira kaya daga Kwatano.

Ta juya rabin a tafin hannunta, ta daɗe.
Sai ta dubi ƙafafuna cikin silifa,
yadda suka kumbura har igiya ta nutse.
"Takardar awon ƙoda da na ba ka bayan salla,
tana ina?"

Tana cikin akwatin sifana,
ƙarƙashin lamba goma sha uku,
mai ya ɓata gefenta.
Na ce aiki ya yi yawa.
Ta ce: "Ita ma motar haka ta ce mini."

Nomau ya sunkuyar da kai yana dariya.
Na ɗaura sabuwa, kibiya na kallon injin,
na ɗaure, na share, na duba ɗigo.
Murɗa ɗaya ta tashi,
muryarta ta koro tantabaru daga rufin kwano.

Ba ta ja ba.
Ta miƙa hannu ta buɗe ɗaya ƙofar,
kujerar nan da ba kowa.
"Asibiti na nufa. Wanke hannunka."

Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin motoci,
ban taɓa zama a mai gajarta haka ba.
Gwiwoyina har haɓa,
takardar a aljihu tana warin gareji.